Zan je Kwapanhagan a watan Nuwamba, wane irin kaya zan saka don kada in fita daban?

Bakano Mai Shirin Tafiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙasar Danmak musamman birnin Kwapanhagan. Wurin aikinmu ne suka tura ni wani kwas a can, in Allah ya yarda farkon Nuwamba zamu tashi sai wajen ƙarshen wata mu dawo, kuma biza ta fito ni da uwargida don tare zamu.

Toh damuwata maganar kaya ce. Ni dai mutum ne na shadda da yadi da hula, ko ofis da kaftani nake zuwa, ƙananan kayan da nake da su basu taka kara sun karya ba. Kuma duk bidiyon garin da na kalla sai in ga mutanen sun yi shiga mai sauƙi, babu wani ado babu ƙyale-ƙyale amma kana gani kasan an tsara ta, yawanci baƙi ko ruwan toka, kowa a kan keke kowa fes. Gaskiya bana so in shiga jirgin ƙasa ko aji kowa ya juyo yana kallona, ina so in saje da mutane in yi abin da ya kai ni hankali kwance. Ga kuma sanyi da ake ta tsoratar da ni da shi, ni kuwa iyakar sanyin da na sani shi ne hunturun Kano.

Abin da nake son sani, in haɗa kayan tun daga nan ne a Kofar Wambai ko in bari sai na je can in saya? Dole ne sai da kwat da nektai a wurin kwas ɗin? Wane irin takalmi? Ita kuma uwargida abaya da hijabi take sakawa, wani lokaci har da niƙabi in zata kasuwa, ya za a yi da ita? Kuɗin guzurin ba wani mai yawa bane kuma jaka kilo 23 ce, bana son ɗibar kayan da zasu tafi su dawo a ninke. Nagode, Allah ya bar zumunci.

Mazaunin Nørrebro

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kawo ku lafiya. A garin nake zaune da iyalina, bari in faɗa maka abin da nake gani kullum.

Wannan shigar da ta burge ka a bidiyo ba wai gayu suka zauna suka ƙirƙiro ba, yanayin garin ne da keke suka yanka musu ita. Gari ne a bakin teku, shimfiɗaɗɗe babu tudu, iska na kaɗawa kusan koyaushe, a Nuwamba sanyin yana yawo tsakanin digiri 3 zuwa 8, in ka ji lambar zaka ce ai da sauƙi amma sanyi ne mai danshi ga yayyafi da baya sallama, yanzu ya sauko anjima ya ɗauke anjima ya dawo. Sannan mutum zai hau keke ya tafi aiki a cikin wannan yanayin, ya shiga ofis inda hita ta ɗumama ko'ina zuwa digiri 21 ko 22. Kaga kenan dole kayan su zama waɗanda zaka iya tuƙi da su, ruwa bai ratsa su ba, kuma kana shiga ɗaki ka cire na sama ka rataye ka zauna da na ciki ba tare da gumi ya jiƙa ka ba. Duk sirrin kenan wallahi, in ka gane wannan sauran mai sauƙi ne.

Shi yasa bana ba mutum shawarar ya sayo ƙatuwar rigar sanyi guda ɗaya mai nauyi ya ɗora kan singileti ya ce ya gama. Hawa-hawa ake saka kaya a nan. Na jikin fata ya zama mai dogon hannu mai kama jiki, in da hali na ulu, wanda ake ce wa merino ya fi kowanne don baya ƙaiƙayi kuma baya saurin wari, in babu hali akwai na roba-roba masu riƙe ɗumi irin Heattech na kamfanin Uniqlo, suna da shago a Strøget, babban titin kantuna na tsakiyar gari. Auduga zalla kada ta zama ita ce a jikin fata, tana shan gumi ta riƙe sai sanyin ya dinga cin ka daga ciki. A kan wannan sai riga mai kwala ko suwaita ta ulu mara zane, a sama kuma jaket ko kwat da ta sauko ta rufe cinya, mai tare iska da ruwa, mai hula a jikinta. Hular nan ta jikin riga ita ce lemarka, mutanen nan basu cika riƙe lema ba saboda iska juya ta take ta karya ƙarafunan, kuma ba a tuƙa keke da lema a hannu. Sai mayafin wuya na ulu babba, maza ma suna naɗawa sosai kada ka ɗauka na mata ne, sai hular sanyi da safar hannu.

Launi kuma ka tsaya a baƙi, shuɗi mai duhu, ruwan toka, ruwan ƙasa, ko kore mai duhu. Amfaninsa gare ka biyu ne, ka saje da mutane kuma komai zai shiga da komai, wando jins mai duhu biyu da wani na yadi ɗaya da suwaita biyu ko uku sun ishe ka har ka dawo, babu wanda zai lura ka maimaita, su kansu maimaitawa suke. Abin da zaka guje wa shi ne riga mai ƙaton tambarin kamfani a ƙirji, bel mai ƙaton kai mai sheƙi, agogo mai ruwan gwal da ake hangowa daga nesa. Suna da wata ɗabi'a da suke kira dokar Jante, daga wani littafin marubuci Aksel Sandemose na 1933 sunan ya fito, a taƙaice dai basa son mutum ya nuna ya fi kowa, su da kansu suna sukar abin amma har yau yana jikinsu, shi yasa zaka ga shugaban ma'aikata da suwaita da kambas ya jingine kekensa kusa da na masinja kuma kowa da sunansa na yanka yake kiransa. Kuɗin suna nan a cikin kayan, amma a ingancin yadin da kyan ɗinkin suke ɓoye shi.

Maganar kwat da nektai, in dai ba banki ko ofishin jakadanci ko wurin lauyoyi zaka ba, ka bar nektai a gida. Riga mai kwala a goge da suwaita a kai ta wadatar a aji, in kana da kwat ta sama guda ɗaya mai duhu ka taho da ita saboda ranar rufe kwas ko cin abincin dare, ka ɗora ta kan jins ɗin, haka suke yi.

Takalmi shi ne inda nake so ka kashe kuɗi in zaka kashe. Tsakiyar garin da yawan titunan duwatsu ne aka jera, ga jiƙa, ga tafiyar ƙasa da zaka sha. Sau-ciki mai santsin ƙasa da dogon baki irin na zuwa ɗaurin aure zai wahalar da kai, sanyi ta ƙasa yake shigowa. Nemi but na fata gajere mai ƙasan roba mai kauri, ko kambas na fata mara ado, ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba saboda safar ulu ta samu wuri, in takalmi ya matse yatsu sun fi saurin ƙanƙarewa. Ecco kamfanin ƙasar ne kuma irin wannan takalmin suke yi, amma ba dole sai shi ba.

Sai wata gaskiya da ya kamata in faɗa maka a matsayin ɗan'uwa, babu kayan da zaka saka a ɗauka kai ɗan Danmak ne na asali, fatarmu tana nan. Amma garin akwai baƙaƙe da Larabawa da Turkawa da 'yan Pakistan da aka haifa a nan, don haka abin da zaka iya samu shi ne a ɗauke ka mazaunin gari ba baƙon jiya ba, kuma wannan yana samuwa cikin sauƙi. Abin da ke tona baƙo a nan ba launin rigarsa bane sosai, a'a, ka ganshi a takure yana rawar sanyi, ko takalminsa ya jiƙe, ko ya tsaya a kan hanyar keke yana duba waya. Wannan ta ƙarshen ka kiyaye ta da kyau, hanyar keke tana tsakanin titin mota da inda ake tafiyar ƙasa, an ɗan ɗaga ta, in ka sauko daga bas sai ka duba kafin ka taka. Je ka tsaya a gadar Dronning Louises Bro da safe wajen ƙarfe 8 ka ga yadda kekuna ke kwarara, a nan zaka ga duk shigar da nake baka labari a jikin mutane da idonka.

Dattijon Zangon Kumasi

Salamu alaikum. Ɗana mai tambaya, na karanta bayaninka kuma na karanta amsar da aka baka, bayanin sanyi da takalmi duk daidai ne ban ƙi ko ɗaya ba. Amma akwai kalma ɗaya a maganarka da ta tsaya mini a rai, inda ka ce baka so a juyo a kalle ka. Me ka yi na kunya da za a kalle ka ka ji nauyi? Mu nan Kumasi kakanninmu fataken goro suka zo da rigarsu da hularsu cikin mutanen da ke yafa kente, basu cire ba, yau ga shi a Gana ko wanda ba Bahaushe ba yana ɗinka kaftani ya je biki da shi. Da sun ce bari mu saje da tuni an manta da su. Kayan aro baya rufe katara ɗana.

Na yi zirga-zirgar kasuwanci a Turai lokacin da ƙarfina ke nan, kuma abin da na gani shi ne Bature yana girmama wanda ya san kansa. Ranar da ka shiga taro da shadda mai kyau da aiki a wuya da hula kube a karye daidai, ranar ce za su zo su tambaye ka daga ina, wa ya yi wannan aikin, da hannu ne ko da keke, hira ta buɗe kenan. Mutanen da aka ce suna son ɗinki mai inganci da yadi na ƙwarai, ai sun fi kowa sanin darajar hular da mace ta zauna ta ɗinka da allura zare bayan zare.

Ban ce ka yi yawo da babbar riga cikin ruwan sama ba, hankali ma bazai ɗauka ba. Amma kada ka rufe jakar nan babu kaftani ko biyu da hula a ciki, ga Juma'o'i zasu riske ka a can, da me zaka je masallaci? Sannan tunda ana maganar safa da but, ka yi tunanin alwala. Lokacin sanyi a ƙasashen nan salloli matsowa suke kusa da juna, azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin aji zasu faɗo maka, cire takalmi da safa a banɗakin ofis kana ɗaga ƙafa kan wurin wanke hannu abu ne mai wuya kuma su basa son ganin ruwa a ƙasa. Ka nemi huffi na fata tun a Kano ka tafi da shi, ka yi cikakkiyar alwala da safe ka saka, sauran yini shafa ce. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗi ne ya zama na fata, ka zauna da malaminku ya warware maka hukuncin kafin ka tashi. Allah ya tsare hanya ya bada abin da aka je nema.

Hajiya 'Yar Malmo

Wa alaikumus salam, Baba barka da hutawa, Allah ya ƙara girma, maganarka ta huffi ta yi kuma mata ma tana musu amfani.

Malam ni maganar uwargida ce ta sa na shigo. A Malmo nake ta ɓangaren Suwidin amma gadar Øresund ce kawai tsakaninmu, tun 2000 aka buɗe ta, jirgin ƙasa minti 40 bai cika ba ka shiga tsakiyar Kwapanhagan, don haka kusan garin gida ne a wurina.

Abu mafi muhimmanci da zaka gaya mata tun yanzu don ta shirya zuciyarta shi ne niƙabi. Danmak ta yi dokar hana rufe fuska a bainar jama'a, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2018, tarar farko kurona 1,000 ce a kuɗin ƙasar, kuma in aka yi ta maimaitawa tana iya kaiwa 10,000. Mutane da yawa sun yi zanga-zanga a kan dokar a lokacin kuma ni ma bana goyon bayanta, amma doka ce tana nan, baƙuwa mai bizar ɗan lokaci bai kamata ta shiga rigima da 'yan sanda ba. Hijabi da ɗankwali da mayafi kuwa babu wanda ya hana, zata ga mata da hijabi a kanti suna aiki, a asibiti, a jami'a, a kan keke, musamman unguwar Nørrebro inda in ta bi titin Nørrebrogade ga shagunan naman halal ga masu sayar da abaya da gyale. Bazan ce mata ba za a taɓa yi mata wani irin kallo ba, akan samu jefi-jefi, amma yawancin mutane harkar gabansu suke basu da lokacin kowa.

Kuma abin da zai faranta mata shi ne shigar matan garin a lokacin sanyi ta yi kusa da tamu fiye da yadda take zato. Doguwar riga mai faɗi har ƙwauri, ko siket dogo, ko wando mai faɗin ƙafa, ƙatuwar suwaita, doguwar kwat ta ulu har ƙasan gwiwa, ƙaton mayafi an naɗe wuya da shi har haɓa, ƙafa kuma kambas ko but mara tsini. Kayan basa kama jiki, yanzu ma yayin masu faɗi ake. Kenan in ta saka abayarta mara duwatsu ta ɗora doguwar kwat ta naɗa gyale mai kauri, ta riga ta shiga sahu babu abin da ta rage na suturarta. Kuma ita ba sai ta tsaya a baƙi kaɗai ba, matan Kwapanhagan sun fi mazan sakin jiki da launi, tun da kamfanin tufafi irin Ganni ya yi tashe zaka ga riga mai furanni ko ruwan hoda ko kore shar da kambas a ƙasa, sau biyu a shekara suke makon nuna kayan yayi, farkon shekara da kuma Agusta, a nan ake ganin launuka iri-iri. Don haka doguwar rigar atamfa mai ɗinki mara hayaniya, ba mai ƙaton hannu da baza ba, tana shiga ƙarƙashin kwat tayi kyau sosai, ni ina sakawa kuma sau da yawa mata ne ke tsayar da ni suna tambayar yadin.

Gyaran da zata yi kaɗan ne amma kada ta raina shi. Abayar da ke jan ƙasa a kai wa tela ya rage ta ta tsaya a idon sawu, in ba haka ba bakin zai sha ruwan titi ya jiƙe ya yi nauyi yini guda tana fama da sanyi a ƙafa, ga matakala mai tafiya da kanta a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa tana iya kama shi. Dogon hijabin nan namu mai sulɓi har ƙasa na sallah ne a ɗaki, a waje iska zata yi ta ɗaga shi tana cika shi kuma baya zama ƙarƙashin kwat, gara gajere zuwa ƙirji ko gyale mai ɗan kauri da hular ciki wadda ta rufe kunne, ta riƙe da fil sosai. A ƙarƙashin abaya dole dogon wando mai kama jiki na ulu da safa mai kauri, abaya ita kaɗai ba komai bace a wannan iskar. Takalmi mai tsini da silifas na fita duk ta barsu, jakar hannu kuma mai dogon igiya da ake ratayawa ta fi, ko ta goyo, hannu yana buƙatar aljihu.

Sai turare, wannan ku biyun ne. Mun saba da humra da turaren wuta da oud mai kama kaya, a gida abin yabo ne, amma nan mutane da yawa basa jure ƙamshi mai ƙarfi, har sabulu da man shafawa marasa ƙamshi ake sayarwa ko'ina saboda masu asma da masu ƙaiƙayin fata. A jirgin ƙasa ko aji da tagogi a rufe, turaren da ka fesa zai juyo da kai fiye da kowace riga. Ku ɗan taɓa kaɗan ya isa, kuma kada ta turara kayan kafin ta zuba a jaka. Man kaɗanya kuwa ku taho da shi da yawa, hitar ɗaki tana busar da fata da leɓe sosai.

In wani ya gayyace ku gidansa, a bakin ƙofa ake cire takalmi kamar dai a gida, don haka safa ta zama mai kyau mara huji. Ka gaida min ita, ka ce ta kwantar da hankalinta.

Bakano Mai Shirin Tafiya

Kai jama'a nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba na ji maganarka kuma na karɓa, kaftani da hula zasu shiga jaka in sha Allah, huffin ma gobe zan nema. Hajiya na karanta wa uwargida saƙonki tana godiya sosai, maganar niƙabin ce bamu sani ba sam, ta ce zata kai abayoyin wurin tela.

Saura tambayata ta farko, a ina zan sayi jaket ɗin da but, nan ko can? Don ana ce min garin akwai tsada. Sannan yayana na Nørrebro, in zan saka kaftanin ranar Juma'a ya zan yi da sanyin, kuma ina masallacin yake?

Ɗalibi a Aarhus

Yaya tsada kam akwai ta ba ƙarya, harajin kaya kaɗai kashi 25 cikin 100 ne yana cikin farashin da zaka gani a jiki, kuma kuɗinsu kurona ne ba yuro ba, yuro 1 wajen kurona 7 da rabi. Ni shawarata raba sayayyar biyu. Jaket ɗaya mai kauri da suwaita da hular sanyi da safar hannu ka samo su a gwanjo tun a gida, Kofar Wambai ko Kasuwar Barci in ka biya Kaduna, ai yawancin dilolin daga ƙasashen sanyin suke fitowa, kuma dole ka sauka daga jirgi da wani abu a jikinka, kar ka saka jaket ɗin a babbar jaka ka riƙe ta a hannu. Ka duba takardar da ke cikin rigar ka ga ko ulu ne da gaske, ka ja zif ɗin sama da ƙasa, ka kai a wanke a goge. Ka je da wuri kafin hunturu ya kama don farashin tashi yake.

Kayan ciki masu ɗumi da safar ulu da but kuma ka bari sai ka zo, na nan an yi su ne don wannan yanayin. Kuma kar ka ji kunyar shagon gwanjo a nan, 'yan gayun garin ma can suke zuwa har alfahari suke da shi, duk inda ka ga an rubuta Genbrug shiga, akwai na ƙungiyoyin agaji irin Røde Kors da Kirkens Korshær a unguwanni da yawa, zaka iya dacewa da kwat ta ulu mai kyau a farashin da bai kai rabin sabuwa ba, sai dai suna rufewa da wuri kuma yawanci basa buɗewa Lahadi. Manyan kantuna irin Magasin da Illum ka shiga ka ba ido abinci ka ga yadda ake haɗa kayan. In rigar ruwa kake so mara nauyi, akwai ta kamfanin Rains na nan birnin Aarhus kuma ita ce a jikin mutane da yawa, amma ka sani ruwa da iska take tarewa bata da ɗumi sai da suwaita a ciki. In ka sayi sabon abu da ya haura kurona 300 a shago ɗaya tambaye su takardar maido da haraji tunda ba a Tarayyar Turai kake zaune ba, ka ajiye rasit a buga maka hatimi a filin jirgi ranar komawa. Ƙarshen Nuwamba kuma ana ragin farashi sosai, in tsaraba ce ka jira lokacin. Ka taho da katin banki mai aiki a waje, kusan komai da kati ake biya.

Mazaunin Nørrebro

Baba ya yi gaskiya kuma nima ranar Juma'a da kaftanina nake fita. Yadda zaka yi Malam, shadda mai sitati iska ratsa ta take kamar rariya, don haka ɗumin daga ciki zaka haɗo shi, riga mai dogon hannu da dogon wando na ulu a jikin fata, siririyar suwaita mara kwala a kai, sannan kaftanin, sannan doguwar kwat. Ka zaɓi wanda tela ya sake shi kaɗan kuma wanda tsawonsa bai wuce gwiwa sosai ba, yadi mai nauyi mai duhu ya fi farar shadda don ruwan titi yana fallatsa. Hula kube ka sa ta a jaka ka fita da hular sanyi, in ka isa sai ka canza, in ba haka ba iska zata cire maka ita ko ruwa ya lalata karin. Babbar riga dai ka haƙura da ita a wannan tafiyar, ta cinye wuri a jaka kuma bata shiga cikin kwat.

Babban masallacin yana titin Rovsingsgade, sunansa cibiyar Hamad Bin Khalifa, a 2014 aka buɗe shi, yana da hasumiya da ƙubba ba zaka ɓata ba, kuma akwai ƙananan masallatai da dama a cikin Nørrebro. A can zaka ga Somalawa da Larabawa da 'yan Afirka ta Yamma kowa da rigar garinsu a ƙarƙashin jaket. Ka duba lokacin huɗuba tun ranar Alhamis saboda a Nuwamba azahar tana shiga tun wajen 12 na rana, magariba kuma wajen 4, agogonsu a lokacin sanyi daidai yake da na Najeriya don haka ba sai ka juya naka ba. In ka hau keke ka dawo da yamma ka tabbata fitilun suna aiki, fara a gaba ja a baya, doka ce kuma ana cin tara, sannan ka tattare ƙasan kaftanin ka zauna a kai ko ka cusa shi cikin kwat kada kaca ta kama. Ka rubuto ranar da zaku sauka, daga filin jirgin Kastrup zuwa tsakiyar gari kamar minti 15 ne a jirgin ƙasa, in ina da sarari zan zo in tare ku in raka ku shagunan da ƙanina na Aarhus ya faɗa.